Adashen Zama

Shagonka na jikin nawa a Fam Santa,
katako ɗaya ya raba mu, shekara uku.
Ni caja da gilashi nake sayarwa,
kai kuwa, Jazuli, wayar da ta mutu
kake buɗe wa ciki da ɗan tsinke,
ka hura, ka liƙe, ta farfaɗo.
Masu ita su karɓa su kira 'yan'uwansu.
Taka tana ƙara a aljihu, ba ka ɗauka.

Ranar Talata ka biya ni ɗari bakwai
da na manta ina bin ka.
Laraba ka miƙa wa yaron shago akwatin aikinka,
har da madubin nan da ba ka bari a taɓa.
Ka ce da mai kunun aya ta yafe maka.
Ita ta yi dariya. Ni ban yi ba.
Ƙanena Ghali ma haka ya bi mu da sallama,
shekara tara ke nan,
muka ce yaro ya yi hankali.

Na rufe shago tun la'asar ba ta yi ba,
na same ka a bayan masallaci.
"Lafiya?"
"Lafiya lau."
Mun iya wannan a garin nan:
ɗaki na cin wuta, baki na cewa sai godiya.
Sai na ajiye gaisuwa gefe,
harshena da nauyi kamar dutsen niƙa:
"Tunanin kashe kanka kake yi?"
Janareton maƙwabta ya yi tari ya ɗauke.
Ka dubi takalminka ka ce, "Wata huɗu ke nan."

Ban ja maka aya ba, ka fi ni karatu.
Ban ce ka dubi na ƙasa da kai ba.
Na jawo bulo na zauna,
ka yi ta zazzagewa har aka kira magariba:
jarabawa sau uku, jarin yayarka da ya narke,
barcin da ya yi ƙaura,
da muryar da ke ce maka kai kaya ne a wuyan mutane.

A soronmu ka kwana, a Gyaɗi-Gyaɗi.
Ban runtsa ba, ina ƙirga numfashinka.
Da safe Nafi'u ya kawo adaidaitarsa.
Da ka ji Dawanau ka ƙanƙame ƙarfe,
ka ce can mahaukata ake kaiwa.
Na ce in waya ta ɗau zafi, zaginta kake yi,
ko kai ta ake wurin wanda ya san ciki?
Likitar ta ajiye biro, ta saurare ka,
ta ce ciwo ne, yana da suna, yana da magani.

Daga nan muka kafa adashe, ba na kuɗi ba.
Litinin Nafi'u, ƙwallo a filin makaranta.
Laraba Malam Sha'aibu, shi shayi kawai ya iya da shiru.
Juma'a Inna Gambo ta aiko da dambu,
ta ce kwanon da ƙafarka za ka mayar.
Kowa ya zuba yammacinsa, kai kake kwasa.
Ka ce yaushe za ka biya?
Kwasa zagayowa take, Jazuli.
Wata rana ni ne.

Ba na cewa ka warke.
Akwai safiyar da kake zuwa kamar an jiƙa bargo an yafa maka.
Amma akwatin ya dawo kan teburinka,
jiya har ka yi faɗa da wani kan canji.

Ɗazu na danna lambarka daga bayan katako.
Ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu.
Ka ɗauka:
"Baba Ilu, ai ina jin tarinka daga nan."
Na ce na sani.